Hokin ƙanƙara: ta ina ɗan wasan da zaɓe ya tsallake yake bi ya kai NHL?

A watan Yunin 2023, da Vegas Golden Knights ta ɗauki kofin Stanley na zakarun gasar hokin ƙanƙara ta NHL, kyautar gwarzon wasannin neman kofin ta faɗa hannun Jonathan Marchessault, ɗan lardin Quebec na Kanada, wanda babu ƙungiyar NHL ko ɗaya da ta kira sunansa a zaɓen matasa duk shekarun da ya cancanta. A 2024 da 2025 Florida Panthers ta ɗauki kofin sau biyu a jere, golanta Sergei Bobrovsky kuwa shi ma zaɓen tsallake shi ya yi. Duk sanda aka samu irin wannan sai kafafen labarai su yi ta nanata cewa ba a zaɓe shi ba. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai rasa inda maganar ta dosa, don a can kulob ne ke renon yaro a makarantarsa ko ya sayo shi, babu wani zaɓe a tsakani. Ƙari a kan haka, dokar shiga wasan jami'o'in Amurka ta sauya a watan Agustan 2025, kuma irin waɗannan 'yan wasa ne sauyin ya fi shafa.

Mene ne zaɓen, kuma wa ake cewa ya tsallake?

NHL ita ce babbar gasar hokin ƙanƙara a duniya. Ƙungiyoyinta 32 ne, 25 a Amurka, 7 a Kanada. Ba a faɗawa ƙaramin rukuni, ba a haurowa. Wadda ta zo ta ƙarshe bana tana nan baɗi. Don kada masu ƙarfi su riƙa kwashe yaran kirki su kaɗai, aka tsara zaɓen shekara-shekara da suke kira diraf, wanda galibi ake yi a ƙarshen watan Yuni. Ƙungiyoyi na kiran sunayen matasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne kan gaba, sai guraben farko da ake jefa ƙuri'a a kansu. Irin tsarin da Houston Rockets ta bi ta ɗauki Hakeem Olajuwon a 1984 a ƙwallon kwando ke nan.

Zagaye 7 ake yi, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a zagaye, jimla suna 224. Kafin 2005 zagaye 9 ne, a shekarun 1980 ma har 12 ake kaiwa. Ke nan da yawa daga waɗanda ake kira tsallakakku a yau, da a wancan zamanin suka taso da an kira sunansu.

Sharaɗin shiga shi ne yaro ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba ta shekarar zaɓen. Ɗan Amurka ko Kanada yana cikin jerin har shekararsa ta 20, wanda ke wajen nahiyar kuma an ƙara masa shekara ɗaya. Idan wa'adin ya cika ba a kira shi ba, ya fita daga tsarin ya zama mai 'yancin kansa: duk ƙungiyar da ta so shi za ta iya ɗaukarsa, shi ma zai iya cewa a'a.

Kiran suna a zaɓe ba kwantiragi ba ne. Abin da ƙungiya ta samu shi ne haƙƙin cewa ita kaɗai za ta iya ƙulla yarjejeniya da yaron na wasu shekaru, galibi biyu zuwa huɗu gwargwadon inda yake wasa. Da yawa ana zaɓensu, wa'adin ya ƙare ba a ba su takarda ba. Akan kuma saka shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky cikin jerin tsallakakku, amma nasa daban ne: yana da kwantiragi a tsohuwar gasar WHA, sai ya shigo NHL tare da ƙungiyarsa Edmonton Oilers da aka haɗe gasar biyu a 1979.

Abin da ke sa a tsallake yaro

Masu farautar 'yan wasa suna kallon ɗan shekara 17 ne su yi hasashen yadda zai kasance a 23, kuma jiki shi ne abin da ido ya fi saurin aunawa. Martin St. Louis tsayinsa santimita 173, ya yi fice a Jami'ar Vermont a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ƙungiyoyi ke neman ƙarti masu riƙo da ture. Babu wadda ta kira shi. Marchessault da Yanni Gourde ma gajeru ne a ma'aunin wasan.

Ranar haihuwa na da nata tasirin. Yaron da aka haifa a farkon Satumba zai shiga zaɓe ɗaya da wanda aka haifa a ƙarshen Satumbar shekarar da ta gabata, tazarar kusan shekara guda, kuma a wannan ƙuruciyar shekara guda na nufin ƙarin nauyi da ƙarfin ƙafa da ake gani ƙarara. Sai rauni a kakar zaɓe: Dino Ciccarelli ya karye a ƙafa yana wasa a London Knights ta lardin Ontario, aka guje shi, daga baya ya ci ƙwallo 608 a NHL. Gola da ɗan baya kuwa sun fi ɗan gaba jinkirin nuna. Ed Belfour, wanda ya ci wasa 484 a raga, sai da ya ɗauki kofin jami'o'i da North Dakota a 1987 sannan Chicago ta neme shi.

Ga 'yan Rasha akwai wani dalili da ba na wasa ba. Rashin yarjejeniyar musayar 'yan wasa tsakanin NHL da Rasha, da kuɗin da babbar gasar Rasha, KHL, ta fara biya tun kafa ta a 2008, sun sa ƙungiyoyi jin tsoron ɓata gurbi a kan yaron da mai yiwuwa ba zai taɓa tsallakowa ba.

Ƙofofin da suka rage

Ƙofa mafi kusa ita ce gayyata. Kwanaki kaɗan bayan zaɓe kowace ƙungiya kan buɗe sansanin horon matasa, a Satumba kuma babban sansani, kuma takan cike guraben da yaran da ba a zaɓa ba. Wanda ya burge za a iya ba shi kwantiragi kafin kaka ta fara. Idan ba a ba shi ba kuma shekarunsa ba su wuce ba, sai ya koma jerin zaɓen baɗi. Ta nan Mark Giordano ya shiga Calgary Flames a 2004 daga Owen Sound Attack.

Ƙofa ta biyu jami'a ce, kuma ita ce ta fi ba da lokaci. Yawancin 'yan hokin jami'o'in Amurka ba sa farawa sai sun kai 19 zuwa 21, bayan sun yi wasa a gasannin matasa irin su USHL. Wasannin kakarsu ba sa wuce 34 kafin na neman kofi, kusan duka Juma'a da Asabar, sauran mako na atisaye ne da ɗaga ƙarfe. A gasannin matasan Kanada na WHL da OHL kuwa wasa 68 ake yi. Siririn yaro da ya shiga jami'a yakan fito yana da shekara 23 ko 24 da cikakken jiki. Shi ya sa duk Maris da Afrilu, da zarar jami'a ta fita daga gasa, ƙungiyoyin NHL ke rububin fitattun 'yan wasanta marasa ubangida. Rububin ba sabo ba ne. A 1985 Detroit ta ba Adam Oates na jami'ar RPI dala miliyan 1.1 na shekara huɗu, abin da ya tayar wa masu ƙungiyoyi hankali har suka ƙirƙiro zaɓe na musamman don 'yan jami'a, wanda ya yi aiki daga 1986 zuwa 1994.

Ta uku Turai ce. Gasannin Suwidin, Finlan, Suwizalan, Jamus, Cek da KHL na manya ne masu biyan albashi. Artemi Panarin ya ɗauki kofin Gagarin na KHL da ƙungiyar SKA ta St. Petersburg a 2015, ya zo Chicago yana da shekara 23, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2016, a 2019 kuma New York Rangers ta ba shi dala miliyan 81.5 na shekara 7.

Ta huɗu ita ce mai tsawo da wahala: ƙananan gasanni. Ƙarƙashin NHL akwai AHL mai ƙungiyoyi 32, kowace da uwarta a NHL, ƙarƙashin AHL kuma akwai ECHL. A ECHL albashin mako ake biya, ɗaruruwan daloli ga sabon shiga, ƙungiya ta ba da masauki, kuma za a iya sallamar mutum a tsakiyar kaka. Idan rauni ya yi wa ƙungiyar AHL giɓi sai ta aro ɗan ECHL da takardar gwaji, wadda iyakarta wasa 25. Ya yi kyau, a ba shi kwantiragin AHL. Ya ƙara yin kyau, uwar ƙungiya ta ba shi na NHL. Gourde shi ya fi kowa maki, wato jimlar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, a gasar matasan Quebec a kakar 2011-12, maki 124, amma sai da ya sauka har ECHL, a San Francisco Bulls da Kalamazoo Wings, kafin Tampa Bay ta ɗauke shi a 2014. Bai samu zama na dindindin ba sai 2017, sannan kofi biyu suka biyo baya a 2020 da 2021. Alex Burrows ya bi ta ƙungiyoyin ECHL uku kafin ya buga wasa sama da 900 a NHL.

Kwantiragin farko

A nan ne ake yawan yin kuskuren lissafi, don 'yancin tsallakakke bai kai ga farashi ba. Tun 1995 akwai dokar kwantiragin sabon shiga, kuma tana hawa kan wanda aka zaɓa da wanda ba a zaɓa ba. Shekarun ɗan wasa ne ke yanke tsawonsa: mai 18 zuwa 21 shekara uku, mai 22 ko 23 shekara biyu, mai 24 shekara ɗaya. Albashin yana da iyaka, kusa da dala miliyan ɗaya a shekara, mafi ƙanƙantar albashin gasar kuwa dala 775,000 ne a kakar 2025-26. Sabuwar yarjejeniyar ƙungiyoyi da 'yan wasa, mai fara aiki a kakar 2026-27, za ta ɗaga shi a hankali zuwa miliyan ɗaya, ta kuma mai da wasannin kaka 84 maimakon 82.

Amma kowane kwantiragin sabon shiga mai albashi biyu ne: ɗaya idan yana NHL, ɗaya idan an tura shi AHL, na biyun kuma bai wuce dala dubu 80 da 'yan kai ba. Da kwana ake lissafi. Rana ɗaya a NHL kimanin dala 4,000 ce, rana ɗaya a AHL kimanin 400, kafin a cire haraji da kason wakili. Wanda jarida ta ce ya sa hannu a kwantiragin kusan miliyan ɗaya zai iya ƙare kakar bai ga ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba.

Tunda duk ƙungiyoyi kuɗi ɗaya doka ta yarje musu su saka, da wani abu suke gasa: gurbi. Ƙwararren wakili jerin 'yan wasan ƙungiya yake dubawa kafin ya dubi sunanta. 'Yan baya nawa take da su masu riƙe sanda ta ɓangaren da yaronsa ke riƙewa? Nawa ne kwantiraginsu zai ƙare baɗi? Matasa nawa ta zaɓa a zagayen farko a wannan matsayi? Shin kocin AHL ɗinta na ba sababbi minti? Ɗan jami'a kuma yakan nemi a fara ƙirga kwantiraginsa nan take a Afrilu, ko da wasa biyu ko uku suka rage, don shekarar farko ta ƙone ya kusanci kwantiragi na biyu, inda iyakar albashin sabon shiga ba ta aiki. Ƙungiya mai ƙarfi da jerinta ya cika ita ce mafi munin zaɓi ga irin wannan yaro, ko da ita ce ya taso yana goyon baya.

Inda tafiyar ke tsayawa

Kowace ƙungiya ba ta riƙe fiye da kwantiragi 50 a lokaci guda, 23 ne ke jerin babbar ƙungiya, 20 ke sa kaya ranar wasa. Duk shekara sababbin zaɓaɓɓu na shigowa, dole a fitar da wasu, kuma manajan da ya kashe gurbin zagayen farko a kan yaro ba ya saurin amincewa cewa ya yi kuskure. Zaɓaɓɓen farko zai yi kaka biyu marasa kyau a ƙara masa ta uku. Tsallakakke ya yi wata biyu marasa kyau, sai ya tsinci kansa a ECHL.

Sai sauyin aiki. Yaron da ya saba cin ƙwallo yana wasa minti 20, idan an kira shi NHL a layi na huɗu na 'yan gaba za a saka shi, minti goma ko ƙasa da haka, aikinsa ƙwace, tare harbi da jiki, da tsare gida lokacin da alƙali ya fitar da ɗan ƙungiyarsu na minti biyu. Wanda bai koyi wannan a AHL ba ba ya daɗewa. St. Louis a irin wannan matsayi ya maƙale a Calgary har ta biya shi ta sallame shi a 2000. Da Tampa Bay ta ba shi minti tare da manyan 'yan gaba, a 2004 ya fi kowa maki a gasar, ya zama gwarzon shekara, ya ɗauki kofi.

Akwai kuma dokar talla. Bayan wasu shekaru ko wani adadin wasanni, ƙungiya ba ta da ikon mai da ɗan wasa AHL sai ta tallata shi ga sauran na awa 24, wadda ta so ta ɗauke shi da kwantiraginsa, na ƙasan tebur ne ke da fifiko. Dokar na iya zama tsani, tana iya zama wahalar ƙaura. A Oktoban 2005 Atlanta ta ɗauke Chris Kunitz daga Anaheim ta wannan hanya, ya buga mata wasa biyu, ta tallata shi, Anaheim ta mai da abinta cikin makonni biyu. Kofi huɗu ya ɗauka kafin ya yi ritaya.

Wanda bai haura ba kuwa agogo na bin sa. AHL gasar reno ce: cikin 'yan wasa 18 da ke sa kaya banda gola, 12 dole su kasance ba su wuce wasa 260 na ƙwararru ba. Gurabe kaɗan ke nan suka rage wa tsofaffin hannu, a ECHL kuwa huɗu kacal. Wasa 260 kaka huɗu ce, don haka wanda ya fara a 21 zai zama tsohon hannu a 25, kuma daga nan sai dai ya fi sauran nesa ba kusa ba, ko ya nufi Turai, ko ya nemi wata sana'a. Doka ta ba shi sassauci ɗaya: mai shekara 25 da ya yi kaka uku a matsayin ƙwararre bai kai wasa 80 a NHL ba, 28 ga gola, yana samun cikakken 'yancin zaɓar ƙungiya, maimakon ya jira 27 kamar sauran.

Zagaye na bakwai ko tsallakewa: wanne ya fi?

Wakilai da masu sharhi sun rabu a kan wannan. Masu cewa gara tsallakewa hujjarsu ita ce zaɓaɓɓen ƙarshe ɗaure yake da ƙungiya ɗaya, wadda mai yiwuwa matsayinsa a cike yake a can, alhali tsallakakken da ya bunƙasa daga baya zai zauna da ƙungiyoyi da yawa ya zaɓi inda ƙofa take buɗe. Panarin shi ya zaɓi Chicago. Giordano ma, da Calgary ta ƙi ba shi kwantiragi mai albashi ɗaya a 2007, Dynamo ta Mosko ya tafi na kaka guda, ya dawo da sharaɗin da yake so, ya zama kyaftin a 2013, ya zama gwarzon 'yan baya a 2019 yana da shekara 35.

Ɗaya ɓangaren na cewa wannan 'yanci na waɗanda suka riga suka yi fice ne. Zaɓaɓɓe, ko na ƙarshe ne, yana da gayyatar sansani duk shekara, da jami'in ƙungiya mai bibiyar ci gabansa, da masu horar da gudu a kan ƙanƙara, da sunansa a takardar manaja. Suna kuma nuni da cewa sunayen da ake kafa misali da su na waɗanda suka kai ne. Ɗaruruwan da ke kammala gasar matasa kowace shekara ba tare da tayi ko ɗaya ba ba sa shiga labari. Hujjar farko ta fi ƙarfi a kan ɗan jami'a ko ɗan Turai mai shekara 22 zuwa 24 da ake rububinsa. Ta biyu ta fi ƙarfi a kan ɗan shekara 20 da zamansa a gasar matasa ya ƙare, wanda shi ne mafi yawa.

Sabuwar dokar jami'o'i

Wannan ɗan shekara 20 shi ne sauyin 2025 ya fi taɓawa. A da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, a matsayin ƙwararru take kallon 'yan gasannin CHL uku na Kanada, wato WHL, OHL da QMJHL, saboda ana ba su alawus kuma wasunsu na da kwantiragin NHL. Yaro ɗan 16 da ya buga musu wasa ya rufe wa kansa ƙofar hokin jami'ar Amurka. Idan ya kai 20, inda kowace ƙungiya masu wannan shekarun uku kawai take iya riƙewa, abin da ya rage masa shi ne ƙananan gasanni ko jami'ar Kanada, da tallafin karatu na shekara ɗaya kan kowace kakar da ya buga. Ta jami'ar Kanada kaɗan ne ke kaiwa NHL; gola Logan Thompson, da ya bi ta Jami'ar Brock da ECHL, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin.

Bayan wata ƙara da aka shigar a kotun Amurka a 2024, NCAA ta janye haramcin a Nuwamban shekarar, ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2025, da sharaɗin ba a biya yaron fiye da kuɗin ɗawainiyarsa ba. Yanzu iyali ba sa yanke wa ɗan shekara 16 hukuncin da ba ya warwaruwa, kuma wanda zaɓe ya tsallake a CHL zai iya ƙara shekarun reno a jami'a, da digiri, ya fito kasuwar Maris yana da shekara 23 ko 24.

Guraben jami'o'in dai ba su ƙaru daidai da masu nema ba. Ƙungiyoyin babban rukuni 60 da 'yan kai ne, kuma manyan taurari ma sun shigo, kamar Gavin McKenna da ya bar Medicine Hat Tigers ya koma Penn State a 2025. Waɗanda za su matsa su ne yaran USHL da ƙananan gasannin matasa na Kanada, waɗanda a da jami'a ce hanyarsu ta musamman, da kuma jami'o'in Kanada da suka saba cika jerinsu da tsofaffin 'yan CHL. Mai jinkirin girma irin St. Louis, wanda jami'a ta riƙe shekara huɗu har ya nuna, yanzu sai ya ƙwaci gurbin daga hannun ɗan shekara 20 da ya riga ya buga wasa sama da 200 a CHL.